Salansa biyu

Jiratawa gari ne na masu noman rani, kudu da Maraɗi, kusa da Gulbi. Kowa ya san shi da zogala. Ran Litinin da ran Juma'a, ranakun babbar kasuwar Maraɗi, tun da asuba ake ɗaure buhunan ganye bisa amalanke da moto, a nufi birni.

A cikin wannan gari akwai wani saurayi mai shekara 20. Shi ne ɗan farin uwarsa, don haka ba ta faɗin sunansa. In za ta yi maganarsa sai ta ce « yaron nan ». A shekarar 2022 yaron nan ya sayi moto. Kuɗin zogala na shekara biyu ya tara, uwarsa ta saida tunkiya biyu ta cika masa. Daga nan ya shiga kabu-kabu. Da safe ya kai kaya birni, da rana ya ɗauki mutane, da yamma ya dawo gida da kuɗin cefane.

Moton nasa ba ya da hayaniya. In ya tada shi, sai ka ji yana gunaguni a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Saurayin bai taɓa kula da wannan ba, sai bayan damanar 2023. Wata rana ya faɗa wani rami da ruwa ya haƙa a bakin hanya. Shi bai ji ciwo ba, amma bututun hayaƙi ya daki dutse ya tsage. Wannan bututu, mutanen Maraɗi suna ce masa salansa. A Faransanci sunansa « pot d'échappement ». Dole a sake wata.

Ya tura moton zuwa wurin wani tsoho mai gyara, a gindin wata bishiyar dogon yaro. Tsohon ya duba, ya girgiza kai, ya shiga rumfa ya fito da salansa biyu. Ta farko baƙa ce, mai nauyi, irin wadda moton ya zo da ita daga kamfani. Ta biyu gajera ce, fara fat, tana walƙiya kamar sabon kwano. Ba ta da nauyi, kuma ta fi araha. In ka leƙa bakinta, kana hango haske ta ɗaya gefen.

— Ga su nan, ɗana. Wannan ta shiru ce, wannan ta ruri. Wacce za a sa?

Saurayin bai amsa ba. Idonsa yana kan farar.

Kada ku yi saurin ganin wautarsa, yara. Yana da dalilai, kuma ba duka ne na banza ba. A tashar da yake tsayawa, samarin da aka fi sani duk masu ruri ne. In ɗayansu ya taho, tun bai ɓullo kwana ba ake cewa ga wane nan. Shi kuwa sai ya tsaya gaban mutum sannan a gan shi. Abokansa suna yi masa ba'a, suna ce wa motonsa « jakin liman ». Sun kuma gaya masa abu biyu. Na ɗaya, wai moto mai buɗaɗɗiyar salansa ya fi gudu, don hayaƙi yana fita ba shamaki. Na biyu, wai ƙara tana tsare rai: mai babbar mota ya ji ka, ba ya take ka. Wanda ke bin gudron Maraɗi kullum, tsakanin manyan motoci da shanu da amalanke, ba ya wasa da maganar rai.

Tsohon ya lura da inda idon yaron yake. Bai yi masa faɗa ba. Ya jawo wata tsohuwar salansa da ya yanke biyu da zarto, ya aje ta bisa gwiwarsa.

— Zauna ka ga cikin abin tukuna. Kuɗinka ne, amma ka san abin da kake saye.

Ga abin da ya nuna masa.

A cikin injin moto akwai wani ɗan ɗaki na ƙarfe. Iska da mai suna shiga ciki a gauraye. Piston ya matse su, buji ya ƙyasta wuta, sai su fashe. Ƙarfin fashewar nan ke tura piston, piston ya juya inji, inji ya juya ƙafar baya. Bayan haka wata ƴar ƙofa ta buɗe, hayaƙi mai zafi ya fita da ƙarfi, kamar yadda iska ke fita in an fasa balan-balan. Wannan fitar ita ce ƙarar.

Ba sau ɗaya ake yin ta ba. Irin injin da ƴan kabu-kabu ke hawa yana fashewa sau ɗaya cikin kowane juyi biyu. In inji yana juyi 3000 a minti, fashewa nawa ke nan ? 1500. Ku raba da 60, za ku samu 25. Wato cikin daƙiƙa guda, kafin ku ƙifta ido sau biyu, an yi harbi 25. Kunne ba ya iya rarrabe su, shi ya sa yake jin su a haɗe kamar ruri.

Aikin salansa shi ne ta kwantar da wannan harbi. Cikin wadda tsohon ya yanke akwai ɗakuna uku, da bango tsakaninsu, da ƴan bututu masu huji-huji. Hayaƙi ya shiga ɗaki na farko ya baje, ƙarfinsa ya ragu. Ya bi ta huji ya shiga na biyu, ya juya, ya shiga na uku. Ƙarar tana dukan bango tana dawowa, tana karo da ƴar'uwarta, suna kashe juna. Kafin hayaƙin ya kai waje ya huce, ya gaji. Tamkar ruwan sama ne da ya sauko daga tudu da gudu, ya tarar da kunyoyin gona: kowace kunya ta rage masa fushi.

Ita kuwa farar, ba kome cikinta. Bututu ne kawai da aka goge.

— To Baba, ai ka ga gaskiyar abokaina. Wannan ɗakunan suna tare hanya. In babu su, gudu zai ƙaru.

Tsohon ya yi dariya.

— Ni da mobilet na koyi aiki, tun ba a haife ka ba. Ita mai da baƙin mai ake gauraya mata, salansarta takan toshe da ƙunar hayaƙi. Sai mu cire mu gasa ta cikin wuta, mu kakkaɓe. Toshewa kam tana kashe ƙarfin inji, wannan gaskiya ne. Amma salansa mai lafiya ba tosasshiya ba ce. Waɗanda suka ƙera injin nan sun auna shi tare da salansarsa, kamar yadda maɗinki ke auna riga da mai ita. In ka sake ta da wofi, awon iska da mai ya rikice. Inji ya riƙa zafi, ya riƙa tari in ka saki hannu. Gudun da kake ji ya ƙaru, a kunnenka yake. Ka ɗauki buhu biyu ka shiga rairayi, sa'an nan ka ba ni labari.

Saurayin ya saurara da ladabi. Da tsohon ya gama, sai ya sunkuyar da kai ya ce :

— Baba, a sa mini farar.

Tsohon bai ƙara ko kalma ba. Ya ɗauko sufana ya ɗaura.

Kwanakin farko daɗi ne zalla, ba amfanin ɓoyewa. Da ya murɗa hannu, moton ya yi wata irin tsawa, har tattabaru suka tashi daga kan katanga. A tasha abokai suka kewaye shi suna tafi. Ba wanda ya sake cewa jakin liman. In ya ratsa unguwa, yara su biyo shi da gudu. Shi da ba a san da shi ba, yau duk inda ya bi sai an waiwaya. Wanda bai taɓa zama abin raini cikin tsaransa ba, ba zai gane daɗin wannan waiwaye ba.

Abu na farko da ya lura da shi ƙarami ne. Akwai wata mata mai saida fura da yake ɗauka kullum daga bakin kasuwa. Ran nan ta zo da goyo. Da ya tada moto, jaririn ya firgita ya tsala kuka. Matar ta sauka.

— Yi haƙuri, ɗan'uwa. Bari in nemi wani.

Ta je ta hau moton wani dattijo. Washegari ma shi ta hau. Sannu a hankali saurayin ya ga tsofaffi da mata masu ciki da malamai suna wuce shi. Samari kam suna son hawa, amma samari ba su cika biya ba : rabinsu abokai ne. Mai son yin magana da waya bisa hanya ma ba ya zaɓensa.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Wata safiya bisa hanyar birni ya tarar da amalanken jaki cike da tukwane. Wani yaro ɗan shekara 10 ke kora. Saurayin ya zo wucewa, ya murɗa hannu yadda ya saba. Jakin ya zabura ya yi gefe. Ƙafar amalanke ta hau tudu, tukwane shida suka zube suka farfashe. Yaron ya tsaya yana kuka, yana cewa babansa zai kashe shi da duka. Saurayin ba mugu ba ne. Ya tsaya, ya tattara tsingaro tare da yaron, ya bi shi har gida ya biya. Cinikin wannan rana duk ya tafi can.

Ya koma wurin tsoho don a ɗaure masa sarƙa. Suna hira ya kawo maganar tsaron rai, wadda har yanzu yake riƙe da ita. Tsohon ya sa wani almajirinsa ya hau moton ya tada.

— Je ka tsaya can gaba, taki 30. Ka ji ? To, zagayo baya, taki 30.

A baya ƙarar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

— Bakin salansa ina yake kallo ?

— Baya, Baba.

— Haɗari kuma ta ina yake zuwa maka ?

Saurayin ya yi shiru. Mafi yawan abin da mai moto ke karo da shi yana gabansa ne : motar da ta juya ba zato, yaron da ya ƙetare, saniyar da ta fito daga gona. Direban babbar mota yana zaune bisa nasa injin, wani lokaci gilashi a rufe, rediyo yana yi. Sau da yawa ba ya jin mai ruri sai sun jera ko ya riga ya wuce shi. Abin da aka yi don gaba shi ne oda da fitila. Oda tana magana sa'ad da ake bukata, ta yi shiru. Salansa mai ruri kuwa ba ta san lokacin magana ba. Har ma tana hana mai ita jin odar wanda ke bayansa. Ƙara takan sa mai tafiya ƙasa ya waiwaya, wannan ba ƙarya ba ne. Amma don a faɗakar da mutum guda, an dami mutum ɗari.

Duk da haka bai sake ba. Kuɗi sun yi ƙasa, kuma yana jin kunyar abokai.

Sai wani dare. An roƙe shi ya kai wani mutum ƙauyensu, can wajen Madarumfa, don an aiko uwarsa ba ta da lafiya. Sun isa bayan sallar lisha. Ku sani, tun wajen shekarar 2019 ƙauyukan kan iyaka na Madarumfa da Gidan Rumji sun sha wuya hannun ɓarayin daji, masu zuwa bisa moto da dare su kore dabbobi, su kama mutane. A irin waɗannan ƙauyuka ƙarar moto cikin duhu ba abin wasa ba ce. Rurin farar salansa kuwa, cikin shirun daji, kamar na moto biyar yake. Kafin su kai ƙofar gari an kashe fitilu. Mata sun kwashi yara sun shige cikin karan gero. Maza sun fito da sanduna da kibau. Allah ya sa wanda ya ɗauko ɗan garin ne. Ya yi ta kiran sunayen ƴan'uwansa da ƙarfi har aka gane muryarsa.

Ba a taɓa saurayin ba. Har ruwa aka kawo masa. Amma ya ga wata tsohuwa tana fitowa daga gona da jikanta a hannu, ƙaya ta yage mata ƙafa, jikinta yana rawa. Mai gari ya dube shi, ya dubi moton.

— Yaro, wannan abin naka, mai shi ne ya gaji da zaman lafiya ?

A can ya kwana. Bai yi barci ba. Cikin shirun ɗakin ya lura da wani abu : kunnensa na dama yana kuka, wani siririn sauti kamar na sauro, ba ya tsayawa. Ya tuna ya kwana biyu yana jin haka in ya kwanta. Salansar a gefen dama take.

Yana da kawu mai injin niƙa a Jiratawa. Shekara 25 ke nan yana tsaye gaban inji. In za ka gaishe shi sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke hayin gulbi. Yara suna yi masa dariya, don in an ce « Kawu, ina kwana ? » sai ya ce « Tiya nawa ? » Saurayin ma ya sha yin dariyar. Wannan dare bai ga abin dariya ba.

Da ya dawo ya biya likita. Majo ya haska kunnen, ya ce ba ƙwaro, ba ruwa. Ya tambaye shi sana'arsa, ya leƙa waje ya ga moton, ya ce ya gane. Ya ɗauki takarda ya zana masa kunne.

Sauti, in ji majo, girgizar iska ce. Tana shiga ramin kunne ta kaɗa wata ƴar fata mai kama da fatar kalangu. Fatar ta kaɗa wasu ƙasusuwa uku, mafi ƙanƙanta cikin jikin mutum. Su kuma su kai girgizar can ciki, wurin wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƴan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 15 000 a kowane kunne. Su ne ke aika wa ƙwaƙwalwa labari. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su, kamar yadda iska ke kwantar da gero. In iskar ta wuce da wuri, su miƙe. In ta daɗe, su karye. Gero ana sake shuka shi baɗi. Waɗannan kuwa, wadda ta mutu ta mutu ke nan, ba ta sake tsirowa, kuma ba allurar da ke tada ta.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'auni mai suna desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Masana lafiyar ma'aikata sun ce a 85 kada mutum ya wuce awa 8 a yini. Daga nan, duk ƙarin desibel 3, sai a raba lokacin biyu. A 88, awa 4. A 91, awa 2. A 94, awa guda. Ku ci gaba da lissafin da kanku : a 100, minti 15 kaɗai ya rage. Moton da ba kome cikin salansarsa yana iya wuce 100 ga wanda ke kusa da shi. Wa ya fi kowa kusa ? Mutanen unguwa suna jin rurin minti guda ya wuce. Mai moto yana zaune bisa shi tun safe har dare.

— Kukan nan da kake ji gargaɗi ne, in ji majo. Kunnenka ne ke roƙon ka. Kawunka bai da zaɓi, injin niƙa haka yake, sai dai ya toshe kunne. Kai kuwa da kuɗinka ka sayi naka.

Saurayin ya yi kwana biyar yana tara kuɗi. Cikin kwanakin nan a hankali yake tafiya, yana lallaɓa hannu kamar mai tafiya da ƙwai. In ya kusa gida ya kashe inji ya tura. Ran na shida ya je gindin dogon yaro.

— Baba, baƙar nan tana nan ?

— Tana nan. Na aje maka ita.

— Ka san zan dawo ?

— Ban sani ba. Wasu suna dawowa, wasu ba su dawowa. Miƙo mini sufana.

Ya biya sau biyu ke nan don abu guda, ga kuɗin tukwane. Abokai sun koma ce masa jakin liman, har suka ƙara masa da « liman » shi kansa. Abin ya yi masa zafi kwana biyu. Mai fura ta dawo bayan sati uku. Kukan kunnen ya ragu, amma in dare ya yi tsit yakan ji shi kaɗan-kaɗan. Wani lokaci in ana rakiyar amarya, samari suka wuce cikin ruri da ƙura, yakan bi su da kallo, hannunsa na dama yana motsi shi kaɗai.

Uwarsa ce kaɗai ta yi ƙara. Ta ce da, tun yana bakin gari take jin sa, ta ɗora miya bisa wuta. Yanzu sai dai ta ga yaron nan tsaye tsakar gida, tuwo ya huce.

Farar salansa bai saida ta ba. Ya rataye ta a zaure. Da kaka ta zo, gero ya fara nuna, tsuntsaye suka sauka gona. Ƙanensa ɗan aji uku ya ɗauke ta, ya ɗaure ta da igiya jikin wata bishiyar gawo a tsakiyar gona. Kullum in an taso daga lakwal sai ya je can da guntun ƙarfe ya yi ta bugu. Har bakin Gulbi ana jin ta.